Wasiƙar da Ta Shekara Arba'in a Aljihu

Hull, Ingila, 9 ga Maris

Yaya Asabe,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ƙafar tata? In kin samu mai tahowa ki aiko mini da daddawa. Ni lafiya lau, bayana ne dai ke ɗan ciwo saboda ɗaga tsofaffi, amma kada Inna ta ji.

Yaya, na ga abin al'ajabi. Turawan nan suna da wata magana da ba ta barin bakinsu: "Na so in yi." Tsohon da nake jinya, Mista Wilfred, kullum sai ya shafa aljihun kwat ɗinsa ya ce, "Na so in aika." Ashe wasiƙar neman gafara ce ya rubuta wa ƙanensa Stanley, shekara arba'in ba sa ga maciji da juna.

Na ce, "Baba, ga akwatin gidan waya can bakin titi."

Ya ce, "Yarinyar nan kin cika naci." Amma ya bari na tura shi a kekensa na marasa lafiya har wurin akwatin, ya jefa wasiƙar.

Ran Lahadi sai ga Stanley yana dogara sanda. Ko gaisawa bai yi ba, ya zaro tasa takardar, duk ta koɗe. Ya ce, "Tsohon banza, ni ma na so in aika." Suka zauna shan shayi, ni ce mai kukan. Ikon Allah.

Yaya, maganar da na yaɓa miki ranar tahowata, shekara shida ke nan tana cina. Ki yafe mini. Wannan dai ba za ta kwana a aljihuna ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Saude