Hurin Da Na Nutsar Da Hannuna

Zuwa ga mahaifina, Audu mai fito, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ɗanka Iliyasu ne, daga Hindawiyya, unguwarmu ta bakin teku a ƙasar Makka. Inna tana nan, ƙafar dai ta matsa mata. Ban gaya mata komai ba tukuna, shi ya sa nake gaya maka.

Baba, Yaya Haruna yana cikin teku yanzu haka, a cikin jirgin da na lalata da hannuna, kuma bai sani ba.

Bayan rasuwarka shekara uku muka yi muna dako a kasuwar kifi, muna ɗaukar kamun wasu a ka. Mu, jinin Sarkawan Yawuri! Bara Yaya ya ce ya isa, mu nemi namu jirgin. Ƙaramin kwale-kwale a nan huri suke ce masa, sassaƙen itace guda, daga Indiya ake kawo su. Na ce ni zan zaɓa. Yaya hannunka ya gada, ni kuwa maganganunka na haddace, har na ɗauka haddar magana ita ce sanin ruwa.

Guda takwas aka jera mana a kan yashi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnena a jikin itacen, yadda na ga kana yi a Mai Wurno, zangonmu na bakin kogi a hanyar gabas. “Jirgi mai lafiya amsawa yake yi, mai ciwo gunaguni.” Na bar masu shimfiɗaɗɗen ciki, na ɗauki mai ɗan lanƙwasa kamar ayaba, domin ka ce a farin ruwa jirgin da bai iya juyawa da sauri ba makara ne. Ni ban taɓa ganin duwatsun Busa ba sai a bakinka, inda ka ce Kwara takan yi fari fat tana ruri, mutum ba ya jin salatin na kusa da shi. Amma a nan ma akwai irin wurin. Nesa da gaɓa akwai jerin duwatsun murjani da suke kira sha’ab, da ’yar ƙofa a tsakani inda igiyar ruwa take fashewa. Kifin kirki a bayanta yake.

Mun shirya shi yadda za ka yi murna. Muka saukar da katakon zama ƙasa-ƙasa don kada nauyi ya hau sama. Muka ɗaure ƙwaryar kwarfa da igiya a jikinsa, don ka ce ƙwaryar da ba a ɗaure ba ita take fara tserewa ranar wuya. Wata ’yar tsaga a hancinsa na cusa mata auduga na bi da kwalta. Filafilinka na maɗaci da muka haye teku da shi daga Sawakin, shi Yaya yake tuƙi da shi. Wata biyar muna cin kifin kanmu.

Sai lokacin alhazai ya zo, Yaya ya tafi Makka dakon kaya, ya bar mini jirgin ajiya. Ka san ni tun hayewar nan da na yi ta amai kwana uku a cikin babban jirginsu sambuk ban ƙara yarda na wuce inda ƙafata take taɓa ƙasa ba. Aikina gyara ne a bakin gaɓa.

Me kake yi wa jirginka in za a daɗe ba a hau shi ba? Kai ka koya mini. Cika shi kake yi da duwatsu ka nutsar, don kada rana ta tsaga shi. “Jirgi ɗan ruwa ne, in ka raba shi da uwarsa sai ya fashe.” Sau nawa na ji wannan? Na kwaso duwatsu na nutsar da shi a lungun da ruwa yake kwance, ina jin kaina gwani.

Wani tsohon masunci da ake kira Ammu Salim yana zaune yana ɗinkin taru. Ya taso har bakin ruwa yana ɗaga hannu. “La, la, ya waladi! Fito da shi. A tudu ake ajiyewa, a rufe da tabarma, a shafe shi da man hantar babban kifin nan ƙirshi, a bi cikinsa da kitse da farar ƙasa. Akwai dud a ruwan nan.” Tsutsa yake nufi.

Ka san bakina. Kai kake cewa ya fi hannuna sauri. Na ce masa kakannina suna ratsa duwatsu da jirgi tun nasa suna tsoron ruwan alwala. Na ce man nasu mai warin mushe ya je ya shafa wa gemunsa. Da Larabci na faɗa, a gaban mutane, don kowa ya ji Batakrure, yadda suke kiran irinmu, ya iya. Aka yi dariya. Ya dube ni, ya ce “Halas,” wato shi ke nan, ya koma kan tarunsa.

Wata huɗu jirgin yana ƙasa.

Jiya, da Yaya ya dawo, muka ɗago shi ni da shi. Sumul, ba tsaga ko ɗaya, sai ’yan ɗigo-ɗigo kamar bakin allura da na ɗauka yashi ne. Yaya ya shafa shi ya ce, “Kai, Iliya, kamar Baba ne ya ajiye.” Na ji daɗin maganar har ban ƙwanƙwasa ba. Ni da na ƙwanƙwasa jirage takwas na mutane, ban ƙwanƙwasa namu ba. Yau bayan sallar asuba ya tura shi, ya nufi bayan sha’ab.

Da hantsi na koma lungun don in ɗauko katakon zama guda da muka manta a ƙarƙashin dutse. Tare na nutsar da shi da jirgin, rana ɗaya. Na sa ƙafa na ja, sai ya karye a hannuna kamar gurasa. Baba, cikinsa saƙar zuma ne. Rami kan rami, kowane da farin ɓawo a jikinsa, wasu da abin a ciki yana motsi. Bayan ne kawai itace.

A kwantaccen ruwa jirgin zai ɗauke shi, shi ya sa ya tafi lafiya. Amma bayan azahar iskar arewa take tashi, kuma da ita zai dawo ta ƙofar nan, da nauyin kifi. Bugu ɗaya na igiyar ruwa ya isa.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Na tsaya a cikin ruwa ina yi maka tsawa kamar mahaukaci. Me ya sa ka cika mana kunne da dokokin kogi ka kawo mu bakin gishiri ka tafi? Sai da na gaji sannan na tuna. Shekara biyu ka yi a garin nan, ko sau ɗaya ba ka hau huri ba. In an tambaye ka sai ka ce, “Ruwan da ban sha ba, ban san halinsa ba.” Wannan ma maganarka ce. Ita kaɗai na bari ban haddace ba, don ba ta da daɗin faɗa a gaban mutane.

Wurin masu gadin gaɓa ba zan iya zuwa ba, tambayar farko iƙama ce, takardar izinin zama, ka san yadda muke. Mutum ɗaya ne a lungunmu ɗansa yake da sambuk mai inji.

Na sami Ammu Salim a rumfar gahawa cikin mutanen da suka yi dariya ran nan. Na ajiye katakon a gabansa, na durƙusa. Ya ɗauka, ya murtsuke gefe da babban yatsa, gari ya zubo. Bai tuna mini da gemu ba, wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, “Yaushe ya fita?” Na faɗa. Ya aika a kira ɗansa, ya ce ni ma in shirya, don ni Yaya yake kwatanta wa inda yake zuba ƙugiya.

Ga ni zaune a kan yashi ina jiran su zuba mai. Tutar da ke kan rumfar masunta ta fara kaɗawa. Ina tsoron tekun nan, Baba. Amma na fi tsoron in shiga gida in tarar da Inna ta ajiye kwano biyu. Suna kira, yalla, yalla. Zan dawo.

Na dawo ga takardar yau da safe.

Mun sami Yaya da la’asar. Ba mu ga jirgi ba, kansa muka gani a cikin kumfa. Yana tsaye a kan sha’ab, ruwa iya ƙirji, ya kafa filafilinka a tsakanin duwatsu ya rungume, igiyar ruwa tana dukansa tana wucewa. Ya ce a bakin ƙofar cikin jirgin ya buɗe a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ko ƙara bai yi ba. Murjani ya yayyanka masa ƙafafu, sai ya yi wata kafin ya taka sosai. Da muka jawo shi ciki na fara ba shi haƙuri, ya ce in yi shiru in riƙe masa filafilin, hannunsa ya ƙage.

Ƙwaryar kwarfa muka tsinta tana yawo da guntun katako a igiyarta. Ita ce abin da ya rage.

Ina neman izininka, Baba. In Allah Ya sake ba mu jirgi, a tudu zan ajiye shi, in shafe shi da man nan mai wari da hannuna. Ammu Salim ya ce in zo bayan Juma’a ya nuna mini yadda ake dama kitsen. Zan je, kuma zan rufe bakina.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga ruwan da ba a ƙishirwa bayansa. Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya saka wa tsohon nan da alheri, ni kuma Ya kama mini harshena. Amin.

Ɗanka mai bakin nan,
Iliyasu