Akwatunanki Goma Sha Ɗaya

Yaya Bilki,

Assalamu alaikum. Rabi ce, ƙanwarki. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba, amma in ban gaya miki ba wa zan gaya wa?

Muna nan Levenshulme. Gwiwata ta matsa mini, sati uku ina neman ganin likita. 'Yata Amina ta shiga jami'a, ta ɗauko irin taurin kanki.

Jiya na dawo daga Birmingham, inda jami'ar da kika yi wa bauta tun kina budurwa ta shirya taron tunawa da ke. Kin san wa ya yi jawabi? Shugaban sashenku, wanda ya sa hannu a takardar sallamarki lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Ya ce ke kika fara auna yadda gishirin ƙarfe ke narkewa a ruwan rijiya yana kuma komawa, har a kai inda ba ɓangaren da ke rinjayar wani. Ya kira ki abin alfaharinsu. Sau uku ya ambaci sunanki, sau uku ya karya shi. Har da share ido! Na ajiye shayin da ke hannuna.

Mutanenmu kuwa, waɗanda ke cewa duk bokonki a wanke kwalabe ya ƙare, su ne a sahun gaba suna ɗaukar hoto. Wa ya leƙo ki cikinsu lokacin da kika koma koyarwar wucin gadi, kina bin bas daga wannan makaranta zuwa waccan da ciwo a ƙirji?

To amma ni ma ban fi su ba, Yaya. Kina asibiti mutanen jami'ar suka kira ni, suka ce za a mayar da tsohon ɗakin bincikenki ofis, in zo in kwashe akwatunanki goma sha ɗaya cikin sati biyu. Na ce to. Ban je ba. Na fake da aiki, alhali haushinki nake ji, don ranar jana'izar mijina sai la'asar kika iso, kin tsaya duba gwaji. Da na je daga baya, na tarar da su a kwandon shara bayan ginin, ruwan sama ya jiƙa su, tawada ta dame. Littafi ɗaya na tsamo. Da kika tambaye ni, na ce suna gidana lafiya lau. Kika yi murmushi, kika ce Allah ya yi mini albarka. Da wannan ƙaryar kika tafi.

Jiya shugaban nan ya riƙe hannuna yana tambaya ko iyali na da rubuce-rubucenki, suna so su baje kolinsu. Ban ba shi littafin ba, ba kuma zan ba shi ba.

Ki yafe mini. Allah ya haskaka kabarinki.

Ƙanwarki da ta yi miki ƙarya,
Rabi