Inna, Kogi Ya Koma Kufan Kakanninmu

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan makwancinki yana cike da haske, ga wani labari da ya ƙi zama a cikina.

Inna, kogi ya koma kufai.

Kin tuna kukokin nan na gabas da garinmu Surko, inda kike kai mu tsinko ganyen miya? Kikan nuna mana busasshen kwari, ki ce a nan kakanninmu suka yi gari, har da kasuwa da marina, kafin kogi ya sauya hanya su kwashi yara da shanu su bi shi. Kikan ce, "Gari ba ya mutuwa, ruwa ne yake yin yaji."

To, ambaliyar bana ta fasa gaɓa, ruwa ya bar bayan gidanmu ya faɗa tsohon kwarin. Da ya janye, ni da ƙaninki Kawu Sule muka je dubawa. Zaizaya ta tono komai. Ga tsingaro birjik, ga dutsen niƙa da ya lotsa don aiki, ga ramukan rini a jere. Kawu da tsufansa ya durƙusa ya shafa bakin ɗaya, ya ce, "Ashe a nan aka rina zanen kakata." Ni kuwa dariya nake, hawaye na zuba.

Sai dai fadamarki ta fara bushewa, rijiyar lambu ma sai an ƙara igiya. Wasu maƙwabta sun ce Kano za su nufa. Mu wurin dagaci muka je, ya yanka mana fili a kufan. Shanu ma sun riga mu gano mashaya. Na zuba irin albasarki, Inna, da kin ga yadda ya tsiro da kin rangaɗa guɗa. Surukarki Rabi har ta kafa murhu.

Abu ɗaya ke min nauyi, nisa da kabarinki. Yanzu na gane kakanninmu ma haka suka bar iyayensu a gindin kukokin nan. Zan riƙa zuwa miki duk Juma'a, in Allah ya yarda.

Allah ya jiƙanki, ya jiƙan waɗanda muka tarar a kwance a can, ya shayar da ku daga kogunan Aljanna.

Ɗanki,
Haruna