Layar da Na Ɗinka a Rigar Auta

Unguwar Mansura, Doha.
14 ga Maris, 2016.

Zuwa ga Yayata Ladi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Allah ya sa kina shafa man da na aiko, ba ki ɓoye shi a ƙasan akwati kina jiran ciwon ya fi haka ba. Mu nan lafiya. Ummukulthum, matar Auta, ta gama wankan jego tuni ta murmure, jariri Mudasiru kuma ya fara gane fuska, goshin kakansa sak. Ni ce dai gajiya ta kama, irin wadda kwanciya ba ta sauke ta. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san hannun da bai riƙe fensir ba sai da ya shekara arba'in da biyar. Ban so faɗin maganar nan a waya ba, gidan ƙarami ne, in ka yi tari a ɗaki ana ji a falo. Dikko, ɗan Malumfashin nan da ke aikin gadi, zai tafi hutu jibi, shi zai kawo miki. Ki karanta da kanki kamar yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, kada ki miƙa wa jikoki.

Maganar layar nan ce da na sa ki karɓo mini wajen Malam. Na ce miki Auta zai yi tafiya ne, ban gaya miki wace iri ba. Yaya, ɗan nan da muke alfahari injiniya ne, ashe ranar hutunsa nutso yake yi a teku. Ba aikinsa ba ne, babu wanda ya sa shi, sha'awa ce kawai. Akwai wani ƙaramin sito a gidan, cike yake da kayan: tukunyar iska ta ƙarfe, tiyo, tabarau, takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, har da ɗan farin allo da suke rubutu a kai, don a ƙarƙashin ruwa ba a magana. Da na tsare shi, sai ya ce shekara biyu ke nan suna shiri da abokansa za su je Bahar Maliya, wai akwai wani tsohon jirgin sama kwance a ƙasan ruwa, suna so su gan shi. Na ce tekun da ya ci Fir'auna? Ya yi dariya. Na tambayi zurfin, ya nuna mini wani bene mai hawa goma sha biyar ta taga, ya ce in kifa shi a raina. Ni da na yi ta salati a jirgin da ya kawo ni tun daga Kano har ya sauka, ga ɗana zai bi jirgin da ya riga ya faɗi.

Na yi roƙo, na yi fushi, na ƙaurace wa abinci yini guda. Ya durƙusa ya ba ni haƙuri, amma bai fasa ba. Da layar ta iso na san ba zai rataya ba, cewa zai yi addu'ata ta ishe shi. Sai na tuna yadda nake ɗinke masa ita a ƙugun wandon makaranta bai sani ba. Da ya fita aiki na shiga siton, na ga wata baƙar riga marar hannu, mai kauri, kamar falmaran, wadda ya ce da ita yake shiga ruwa. Na ɗauko basilla da zare mai ƙarfi, na laluba ta ciki wajen da zai dace da saitin zuciya, na ɗinke layar tam. Yadin tauri gare shi, sai da na sa bakin ƙofa ina tura allurar. Ɗinki goma sha huɗu na yi, kowanne da bisimilla. Ranar na ci abinci sosai.

Saura kwana uku ya tafi, ya baza kayan a falo yana shiryawa. Don ya kwantar mini da hankali sai ya ɗaga rigar nan yana yi mini bayani. Ya sa baki a wani tiyo ya hura, rigar ta kumbura kamar balan-balan. Ya ce iska take riƙewa, ita ke hana dalmar da yake ɗaurawa a ƙugu ta ja shi ƙasa, ita ce kuma ke taimaka masa ya taso a hankali, domin wanda ya taso daga wannan zurfi da gaggawa jininsa ke ɓaci. Ya ce in daina damuwa, wannan rigar ita ce innarsa ta cikin ruwa. Ya sace iskar ya ninke ta. Yaya, ina zaune da Mudasiru a cinya, na tuna allurar da na soka wa rigar nan, saura kaɗan in sake shi, sai da Ummukulthum ta karɓe shi. Kunya ta rufe mini baki, kin ji abin da nake so in faɗa wa wani kafin in mutu: na ga ɗana ya sa rigar a jaka na yi shiru.

Washegari bayan ya fita na zaro ta, na warware ɗinkin, na cire layar. Ramukan ƙanana ne, ido ba ya ganin su sosai, zuciyata ta ce ƙila ba komai. Sai marigayi maigidana Malam Tanko ya faɗo mini a rai. Shekara talatin ina kallon sa yana faci a ƙofar gida, bai taɓa yarda da ido ba, sai ya hura robar cikin taya ya tsoma a ruwa. Na tara ruwa a bahon wanka, na hura rigar da ɗan numfashin da ya rage mini, na danna ta ciki. Kumfa ya yi ta tasowa a jere kamar carbi. Na zauna a bakin bahon ban san iya lokacin ba.

Da ya dawo da la'asar na kai shi bayin na danna rigar a gabansa, na ajiye layar da basillar a gefe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya daɗe yana kallon kumfan, sannan ya ce ƙila da ya gane a gwajin da suke yi kafin su shiga ruwa, ƙila kuma sai a can ƙasa, inda ruwa ke danne komai. Ya ce khalas, ya wuce, kada in ƙara kuka. Ya je ya aro rigar wani abokinsa. Amma a ranar ya sa wa siton kwaɗo, makullin na aljihunsa. Ni da na goya shi, yau ni ake kulle wa ƙofa, kuma ban da bakin cewa ba a kyauta ba.

Da safen da zai tafi ya zo sallama, ya miƙo hannu ya ce in ba shi layar. Ya buɗe jakar, ya zuge wani zif a gefen rigar aron, ya saka ta ya rufe. Ashe aljihu gare ta, Yaya. Tasa ma tana da shi, har biyu. Ya ce shi ra'ayinsa bai sake ba, amma zai ɗauka saboda ni, da na tambaye shi tun farko da ya nuna mini.

Ranar Asabar suka shiga ruwan. Tun hantsi nake kan darduma, har bayan azahar wayar Ummukulthum ta yi ƙara. Hoto ne. Ruwa shuɗi mai duhu, ga jirgin kwance, ciyayi sun rufe shi, kifaye na fitowa ta tagogin da mutane suka taɓa leƙowa. Ga wani mutum a gefe, ban gane fuskarsa ba saboda tabarau, yana riƙe da farin allon nan. Ummukulthum za ta karanta mini na ce ta bari. Na bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, manya-manya ya yi su don ya san idona: INNA LAFIYA LAU. Na karanta sau uku, sannan na je na kwanta, ban tashi ba sai magariba.

Jiya ya dawo, don sai sun yini sun kwana a tudu kafin a bar su su hau jirgi. Tun bai huta ba na ji yana gaya wa matarsa wai akwai wani jirgin da ya fi wannan zurfi, sai baɗi. Ni dai ƙarfina ya ƙare. Don haka laya ta biyu da na ce ki karɓo, ki bar ta, ta farkon tana aljihunsa, na ga bai cire ba. Kada Malam ya ji yadda na yi da ita. Ki sa a share mini ɗakina, ƙarshen wata ina tafe.

Ki gaida Malam, da Sauda da yaranta, da Nasidi, ki ce ya kula mini da awakina. Ummukulthum tana gaishe ki ƙwarai. Basillar tana cikin ambulan ɗin nan, ki yi hankali wajen buɗewa, ki ajiye ta a wurinki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ruƙayyatu.