Waldar da ke saman shimfiɗar jariri

Assalamu alaikum Yaya Ilyasu,

Ina fatan kana lafiya, da Inna da su Rauda. Yaya aikin walda? A gaishe min da mutanen Tudun Wada.

Mu nan Turkiyya alhamdu lillahi. Girgizar ƙasar da kuka ji ba ta taɓa mu ba, 'yarmu Hanan da na zo taya jego da jaririnta suna lafiya. Benenmu na ƙarfe ne, ko fenti bai zubo ba, har muka ci gaba da kwana.

Sai jiya masu duba gini suka ɓalle silin. Innalillahi! Yaya, ƙarafan ƙalau suke, waldar da ta haɗa su da ginshiƙi ce ta tsage, har yatsana zai shiga. Daidai saman inda nake shimfiɗe jaririn.

Muna tanti yanzu, da ɗan sanyi, amma ba komai. Sun ce za su sake waldar mu koma. Ni ba na jin yarensu, sai an fassara min, kai kuwa sana'arka ce. Tsakaninka da Allah, waldar da ta taɓa tsagewa, in an sake ta, za ka kwantar da jikanka ƙarƙashinta? Ba zan shigar da shi ba sai na ji daga bakinka.

Allah ya tsare mu.

Ƙanwarka,
Mairama