Burodin Binin da Barcin Munawwara

Gwaggo Rahmatu, assalamu alaikum. Don Allah ki agaza mini da shawara, don abin ya kai inda ni da ban saba roƙon kowa ba na zauna ina rubuta miki takarda.

Ni mutumin Bagudo ne, ɗan masunci. Sakandare na gama, ita ma da ƙyar, ina karatu ina tallar bandar kifi. Yau alhamdu lillahi ina da rumbun albasa a Lolo, ina da motar kaina, ina tsallaka iyaka zuwa Binin kamar mai leƙa maƙwabta. Ba wanda ya ɗora ni, sai Allah. Direbobi da 'yan dako suna jin maganata tun kafin in rufe baki. Amma ɗiyana uku sun gagare ni a kan barci: Munawwara mai shekara bakwai, Mudassiru mai biyar, da auta Rahma.

Uwarsu Mariyamu takan kwantar da su bayan isha'i, su rufe ido kamar gaske. Ni kuma ba na samun dawowa sai dare ya ɗan yi. Da na shawo kwanar layinmu na danna hon ɗina da duk unguwa ta sani, shi ke nan, sai ki gan su a ƙofar gida ba ko takalmi. In tada janareto, don ba zan ci abinci cikin duhu a gidan da na gina da gumina ba. In buɗe tsaraba, dogon burodin nan na Binin mai ƙarfin ɓawo, da madarar gwangwani. A haɗa mini shayi, kowa ya tsoma nasa a kofina. Auta kan ɗare wuyana, Munawwara ta karanta mini abin da aka koya musu, Mudassiru ya laluba aljihuna. To daga nan fa ba mai sake kwanciya sai an yi rigima.

Ba abin da ban gwada ba. Na yi tsawa, suka yi dariya. Na rataye bulala a ƙusa, ban taɓa iya ɗaga ta ba, yanzu Mudassiru ke korar awaki da ita. Na sayo katifa mai tsada da fanka mai caji. Har na ce musu dorina tana fitowa daga kogi da dare tana neman yaron da bai yi barci ba. Tun ranar Mudassiru ke zama bakin taga yana jiran ya ga dorina.

Mu a zamaninmu ba haka ba. Baba kan shiga ruwa da magariba, mu kuwa ana isha'i mun yi barci don gari ya yi saurin wayewa, saboda da asuba zai dawo da 'yan ƙananan kifin da ba su shiga kasuwa, ya gasa mana da hannunsa a bakin murhu. Iyakar abin da talaka zai iya ke nan. Shi ya sa na yi alkawari nawa ɗiyan za su ci abin da ya fi wannan.

Abin da ya tada mini hankali, shugabar makarantar su Munawwara, Madam Adunni, ta aiko cewa yarinyar barci take a aji, kuma in ba ta gyara ba za ta maimaita ajin. Yarinyar da nake so ta kai inda ban kai ba. Mariyamu ta ce laifina ne, wai in daina hon, in shigo a hankali, in ci abincina da fitila. Wato in shiga gidana kamar ɓarawo. Ni kuwa ina ganin ita ce ba ta tsawata musu. Kuma Gwaggo, in na bi maganarta yaushe zan gan su? Da na yi sallar asuba nake fita teburin mai shayi inda muke haɗuwa da abokan kasuwa, yaran suna barci. Wannan ɗan zaman na dare shi kaɗai gare ni. Ba na son in zama mutumin da ɗiyansa suka sani da ajiye kuɗin cefane kawai, kuma ba na son Munawwara ta maimaita aji. Yaya zan yi?

Ɗan Masunci, Bagudo

*

Wa alaikumus salam, Ɗan Masunci.

Na yi murmushi da labarin dorina, amma na ga damuwarka ta gaske ce. Yaran da ke fitowa ba takalmi don taryen ubansu sun samu uba, kuma tsoronka na zama baƙo a gidanka yana kan hanya. Sai dai Mariyamu ta fi ka gaskiya a nan. Ita tana kwantar da su, kai kana tashe su. Hon, hasken janareto, shayi da madara mai zaƙi, ko babba aka yi wa haka ba zai runtsa ba. Ɗiyanka ba su gagare ka ba, jiran ka suke yi.

Maganin kuwa kai ka rubuto shi da hannunka. Ka ce kuna barci da wuri don gari ya yi saurin wayewa. Mahaifinka ma tsaraba yake kawowa, da safe kawai yake kawo ta. Ka mai da taka safe.

Ka tara su da rana ka gaya musu sabon tsari da bakinka, kada a bar wa uwarsu, ta zama ita ce mai hanawa. Burodi zai kwana a rufe da faifai, kai za ka buɗe shi bayan asuba, ku ci tare. Teburin mai shayi zai iya jiran ka, abokan kasuwa ba aji za su maimaita ba. Yaran kuma a ba su koko ko madara, a bar maka shayinka. Bayan magariba ka kira waya ku yi sallama, ka yi musu addu'ar barci, don su san ba sai sun tsare ƙofa ba. In ka dawo ka bar hon, janareton ma ya jira sai barcinsu ya yi nauyi. Daren da babu makaranta washegari, ka danna hon ɗinka yadda kake so.

Kwanakin farko za a yi kuka, taka zuciyar ma za ta yi rauni. Ka daure, ku zama baki ɗaya da Mariyamu, ka kuma gode mata, don ta daɗe tana wannan aiki sau biyu kowane dare. Ka je wurin Madam Adunni da ƙafarka, ka nemi ta ba Munawwara zango ɗaya. In barcin aji bai daina ba bayan an gyara na gida, a kai ta wurin likita ya duba. Mudassiru kuma ka janye masa dorina, ka kai shi bakin kogi da rana ya ga inda kakansa ya yi sana'ar su.

Ka ce ɗan kifin nan iyakar abin da talaka zai iya ke nan. Amma ga ka da mota da rumbu, har yau ƙamshinsa kake ji. Mahaifinka bai taɓa tashin ka cikin dare ba, kuma ba ka manta shi ba.

Allah ya raya maka su, ya ba Munawwara ilimi mai albarka, ya ƙara wa kasuwa auki. A gaishe mini da Mariyamu.

Gwaggo Rahmatu