Kifin Babana da Sarƙar Mista Epeli

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masunta, Tsibirin Kadavu
Daga: Unaisi Rokotuiwai, 'yar Sakiusa masunci
Ranar: 14 ga Agusta, 2023

Game da: Zargin kamun kifi a ruwan da aka haramta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. A ranar 2 ga Yuni, Mista Epeli na kamfanin Ika Dina ya tara mu a zauren coci, ya ce ya kawo wata fasaha mai suna blockchain, wato sarƙar bayanai, da za ta kawo ƙarshen ƙarya a tekun Fiji. Ya faɗi sunan da hanci, muka tafa.

1. Ya ce bayanin ya fi ƙarfin wadda ta tsaya a aji shida, wato ni. Sai na karanta a wayar maƙwabciyarmu. Littafi ne ɗaya mai kwafi a kwamfutoci da yawa, kowane shafi ɗaure da na baya, don haka ba a gogewa a ɓoye. Kowane masunci da nasa lambobin: a maƙala lamba a wutsiyar kifi, a haska ta da waya, sarƙar ta rubuta wuri, lokaci da wayar da ta haska. Shi ke nan. Shi kuwa Mista Epeli wuni guda ya kwashe yana bayani, har da hutun shan kava, abin shanmu na gargajiya.

2. Sarƙar ta nuna kifi mai lambar babana ya fito daga ruwan da aka rufe don makokin hakiminmu, ranar Lahadi 23 ga Yuli. Dattawa sun karɓe kwalekwalen babana, sun hana shi fita teku. Yanzu wuni yake a gida yana koya mini dafa rogo, abin da nake yi tun ina ƙarama.

3. Ragowar lambobinmu na maƙala wa kifi suna cikin jakar Mista Epeli tun ranar taro. Da na tuna masa, ya ce, 'yar ƙanwata, kwamfuta ba ta san jaka ba.

Don haka ina roƙo, cikin ladabi, a mayar wa babana kwalekwalensa da mutuncinsa kafin taron ƙauye mai zuwa. Ina kuma roƙon a kira, a gaban dattawa, lambar wayar da sarƙar ta rubuta cewa ita ta haska kifin. Babana bai taɓa mallakar waya ba. Ni dai na kira ta jiya, Mista Epeli ya ɗauka, har ya tambayi lafiyar mutanen gida.

Taka mai biyayya,
Unaisi Rokotuiwai